Adana Tsofaffin Hotunan Gida a Birnin Kebbi da Argungu

Mutanen kwarin Gulbin Rima ba baƙi ba ne wajen riƙon tarihi, domin salsalar sarakunan Kabi tun daga Muhammadu Kanta, da ta sarakunan Gwandu tun daga Abdullahi ɗan Fodiyo, tana nan a bakin makaɗan fada da kuma littattafan malamai, har ma tsohuwar fadar Argungu an mayar da ita Gidan Tarihi na Kanta tun 1958, inda ake ajiye makamai da tambura da sauran kayan sarauta. Sai dai wannan duka tarihin masu mulki ne. Tarihin manomin shinkafa na fadama, da na masunci, da na malamin makarantar firamare, da na matar da ta yi shekara arba'in tana sayar da fura, ba shi da maroƙi kuma ba shi da gidan tarihi, abin da ya rage masa kawai shi ne 'yan hotuna da takardun da ke ƙasan adaka ko cikin kwallar uwar gida, waɗanda kullum suke raguwa ba tare da kowa ya lura ba.

Wanda ya buɗe irin wannan adaka a Birnin Kebbi ko Argungu zai tarar da abubuwa masu kama da juna. Akwai ƙananan hotunan fasfo na aikin Hajji da na neman aiki, da hoton 'yan aji a gaban makaranta, da na angwaye da abokansu, da na naɗin sarauta da hawan salla, sa'an nan da waɗanda aka ɗauka a bakin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934. Tsofaffin cikinsu baƙi da fari ne, kuma abin mamaki su ne suka fi ƙarko, saboda surar da ke jikinsu da ɓurɓushin azurfa aka yi ta, alhali masu launi, waɗanda suka biyo baya, da rini aka yi su, shi kuwa rini yana koɗewa da zafi da haske har hoton ya koma ja-ja ko rawaya.

Abu na farko da ya kamata magidanci ya gane shi ne cewa hoto yakan mutu tun takardarsa tana da kyau, kuma ranar mutuwarsa ita ce ranar da aka binne mutum na ƙarshe da ya san waɗanda ke cikinsa. Saboda haka aikin adana hotuna ba daga sayen albam yake farawa ba, daga zama da tsofaffin gida yake farawa, musamman tsofaffin mata, domin su ne suka fi riƙe wanda ya auri wance, da wanda aka yaye a gidan wane, da dalilin da ya sa wani reshen dangi ya koma Kamba ko Jega ko ya tsallaka Dosso a Jamhuriyar Nijar. Ana ɗauko hotunan kaɗan-kaɗan, goma ko ashirin a zama ɗaya, a miƙa wa tsohuwa ɗaya bayan ɗaya a wuri mai haske, a bar ta ta yi magana yadda take so, wani yana rubutawa, wani kuma yana ɗaukar muryarta da waya idan ta yarda. Ba a katse ta idan ta bar zancen hoton ta shiga wani labari, don sau da yawa labarin da ta kauce zuwa gare shi ya fi hoton daraja.

A nan akwai wata matsala da al'ada take kawowa, wadda mai rubutu ya wajaba ya yi hattara da ita, wato alkunya, da ke hana mace faɗar sunan mijinta ko surukinta ko ɗanta na fari. Tsohuwa za ta nuna hoto ta ce wannan Malam ne, wannan Mai Sunan Malam, wannan Goggo, wannan Kawu, kuma duk wanda ke zaune a wurin ya gane, amma jikan da zai karanta bayan shekara talatin ba zai san wace Goggo ake nufi ba a cikin goggonni biyar. Bai dace a matsa mata ta faɗi abin da take jin nauyinsa ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta laƙabin yadda ta faɗe shi, sa'an nan a nemi wani dattijo ya cika sunan yanka da sunan mahaifi da unguwa da sana'a. Haka kuma a kula da ɓangaren mata, domin a gidajen da ake kulle maza ne suka fi zuwa wurin mai hoto, ta yadda za a sami hotunan kaka namiji da yawa, ta mace kuwa sai ɗan hoton fasfo guda, ko ma babu. Idan babu, a keɓe mata shafi a rubuta sunanta da garinsu da sunayen iyayenta, kada rashin hoto ya fitar da ita daga tarihin gidan da ta haifa.

Shekarar da aka ɗauki hoto ba kasafai tsofaffi ke riƙe ta da lamba ba, amma suna riƙe ta da abin da ya faru, kuma daga nan ake lissafi. Idan aka ce zamanin Sarkin Gwandu Yahaya ne, to tsakanin 1938 da 1954 ke nan, idan kuwa zamanin Haruna Rashid ne, daga 1954 zuwa 1995, wanda tazararsa ta yi yawa, sai an ƙara da wata shaida. Rasuwar Sardauna a Janairun 1966, da komawar motoci hannun dama a 1972, da fitowar naira da kwabo a 1973, da rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1988, duk alamomi ne da kowane dattijo yake tunawa. Hatimin da ke bayan hoto ko kan takardar makaranta shi ma yana taimakawa, domin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967 ta fara, Jihar Sakkwato daga 1976, Jihar Kebbi kuwa sai 27 ga Agusta 1991. Inda ba a tabbatar ba, a rubuta “wajejen” shekara kaza, domin kintace da aka rubuta kamar tabbas ya fi shafi marar rubutu ɓarna. Rubutun kansa da fensir mai laushi ake yin sa a gefen bayan hoto, a kan abu mai tauri, ba tare da dannawa ba. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana naso ta ɓata fuskar hoton da ke ƙarƙashi.

Bayan suna sai jikin hoton, wanda a wannan yanki yake fama da yanayi iri uku a shekara guda. Zafin bazara, da ke haura maki 40 a watan Afrilu, yana gaggauta koɗewar launi, musamman a ɗakin kwano marar silin. Laimar damina tana kumbura sinadarin da ke fuskar hoto, wanda yake da danƙo idan ya jiƙe, sai hotuna su manne da juna ko da gilashin firam, fumfuna kuma ta kama su. Hunturu yana busar da takarda ta nannaɗe ta tsage, ƙurarsa kuma tana kankare fuskar hoto idan aka goge da tsumma. Ga gara da kyankyaso da ɓera, ga kuma ambaliya, wadda mazauna bakin fadama daga Augie zuwa Argungu har Birnin Kebbi suka ga irin ɓarnarta a 2020. Maganin mafi yawan waɗannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗaki na ciki wanda ba ya yoyo, a ɗora shi a kan wani abu mai tsayi nesa da ƙasa da jikin bango, a sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a kuma riƙa buɗewa ana dubawa a farkon damina da ƙarshenta.

Ɓarnar da ta fi ban takaici ita ce wadda masu gida ke yi da niyyar gyara. Liƙe hoto a cikin leda da injin zafi, abin da ake kira lamineshin, ya zama ruwan dare a shagunan kwamfuta, kuma mutane suna ganin kariya ce, alhali zafin injin da gam ɗin ledar suna kama fuskar hoton ta yadda ba za a taɓa raba su ba, idan laima ta shiga ta gefe kuwa ba ta da hanyar fita. Haka albam mai shafi mai danƙo, wanda gam ɗinsa ke bin takarda ya bar mata layuka masu ruwan ƙasa, haka salatif, haka ƙusar sitefula da ke tsatsa. Hoton da ya yage a sa shi cikin ambulan yadda yake. Wanda ruwa ya ci kuwa ba a shanya shi a rana kuma ba a goge shi, ana ɗauraye laka da ruwa mai tsabta a hankali, a shimfiɗa shi a inuwa fuskarsa na kallon sama har ya bushe, waɗanda suka riga suka bushe a manne kuma ba a ɓamɓare su da ƙarfi.

Hotuna kaɗai ba sa cika labari, shi ya sa ake haɗa su da kundin gida, wato babban littafi da ake tara takardun da suka shafi iyali bisa tsari: katin gayyatar ɗaurin aure, kalandar biki, rasit ɗin haraji, takardar shaidar gama makaranta, tsohon fasfo, wasiƙun ajami, da yankan jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo idan ta taɓa ambaton wani ɗan gidan. Tsarin da ya fi dacewa da gidan Bahaushe shi ne a fara da kakan da aka fi sani, sa'an nan a bi ɗaki-ɗaki, kowace mata da 'ya'yanta, domin da haka ne dangi suke lissafa kansu. Takardar jarida tana da tsami da ke sa ta yi ja ta kuma ɓata abin da ta taɓa, don haka kwafinta ake liƙawa a kundi, ita kuma a ware ta daban.

Kwafin waya da kwamfuta yana da amfani ƙwarai, ko da yake an fi yarda da shi fiye da yadda ya cancanta. Ana ɗaukar hoton a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar kyamara ba, a ɗauki gaba da baya, ko a kai shi a yi masa sikanin a shagon da za a tsaya a karɓi abin a hannu. Sai a sa wa kowane kwafi suna da shekara, a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana ɓata, memori yana lalacewa, WhatsApp kuma yana rage ingancin hoto idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Samun kwafi ba dalilin zubar da na asali ba ne, kuma hotunan matan gida ba a watsa su a Facebook ba tare da izininsu ba.

Saura batun wanda zai riƙe. Hotuna ba sa shiga lissafin rabon gado kamar gona da gida, shi ya sa bayan rasuwar mai gida kowa yakan ɗauki wanda ya ga dama, tarin ya watse cikin mako guda. Ya fi kyau dangi su amince da mutum ɗaya mai riƙon amana, mace ko namiji, ya riƙe na asali gaba ɗaya, sauran a ba su kwafi. Akwai kuma gidajen da suke ƙyamar hoto saboda saɓanin malamai a kan hukuncinsa, kuma wannan ra'ayi ne da ake girmamawa, amma wanda ba ya son ajiyewa yana iya miƙa wa ɗan'uwan da zai ajiye a rufe maimakon ya ƙona abin da ba nasa ne shi kaɗai ba. Idan a cikin tarin akwai abin da ya shafi jama'a, kamar hoton tsohuwar kasuwa ko na bikin kamun kifi na shekarun farko ko na wani gini da aka rushe, ana iya tuntuɓar Gidan Tarihi na Kanta, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna, a ba su kwafi tare da sunaye da shekarun da aka tattara, a kuma karɓi takardar shaidar abin da aka bayar.