DARASIN UWARGIDA: Littafi Mai Tambayoyi, Kyautar Da Ta Fi Alewa

 

 Darasinmu na wannan fitowa a kan wata 'yar kyauta ne, wadda kuɗinta bai kai na ɗankwali ba, amma idan Allah Ya sa mata albarka sai ta bi yaro har girmansa. Kowace uwa ta san yadda ake fafutukar kayan Sallah, da kyautar sauka, da tsarabar kasuwa. To a cikin wannan hidima, sau nawa muka taɓa tunanin ba yaro littafin da shi ne zai rubuta shi da hannunsa?

Abin da ya jawo wannan darasi

Kwanakin baya na je gaishe da ƙanwata da ke aure a wani ƙauye a ƙasar Dambatta. 'Yarta tana aji biyar na firamare, ta ɗauko mini littattafanta tana murna. Rubutu tsaf, kamar an buga da inji. Sai na ce, "Zo 'yata, rubuta mini layi uku a kan abin da kika yi jiya." Wallahi yarinyar nan ta riƙe biro ta yi shiru, can sai ta ce, "Inna, ai ba a rubuta mana a allo ba." Jikina ya yi sanyi. Ta iya kwafe, amma ba a taɓa tambayar ta abin da ke cikin kanta ba.

Wannan matsala ba ta gidan ƙanwata ce kaɗai ba. Wani rahoto da Bankin Duniya da UNICEF da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Malami ɗaya da ke fama da aji cike da yara ba zai iya zama da kowane yaro ba. Saboda haka akwai rabon aikin da ya faɗo kanmu, mu iyaye mata.

Mene ne littafi mai tambayoyi?

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka ana sayar da wani irin littafi na yara, kowane shafi da tambaya guda a samansa, sauran shafin kuwa fili ne, yaro ya amsa da kansa. Iyaye da kakanni kan saye shi su ba da kyauta. Hikimar abin ita ce, idan ka ba yaro farar takarda ka ce ya rubuta, sai ya rasa ta inda zai fara. Idan kuwa ka tambaye shi, "Wa ya ba ka dariya yau?" nan take bakinsa zai buɗe, hannu kuma ya bi baki.

Ba sai mun jira an kawo mana nasu ba, domin tambayoyinsu na rayuwarsu ne. Ɗan Makoda ko Kunci ko Tsanyawa ba ruwansa da dusar ƙanƙara. Namu za mu haɗa, da harshenmu, a kan gero da dawa da akuya da rijiya.

Rubutu gadonmu ne

Kada wata ta ce wannan baƙon abu ne. Wahayin farko da ya sauka, a Suratul Alaƙ, ya ambaci alƙalami, kuma akwai sura guda mai sunan alƙalami. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Malaman Sira sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, an fanshi wasu fursunoni ta hanyar kowannensu ya koya wa yara 10 na Madina rubutu.

A nan ƙasarmu ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis ɗinta ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru. A zamaninmu ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, wadda aka cire daga makaranta tun tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, ta rubuta littattafai irin su *Budurwar Zuciya* da *Alhaki Kuykuyo Ne*, har aka fassara na biyun zuwa Turanci a 2012.

Sannan ku dubi labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya da ba ta iya rubutu ba. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zariya, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga zamanin harin bayi har zuwan Turawa. An buga littafin a 1954, bayan rasuwarta, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Tsofaffi nawa ne irin Baba a gidajenmu, da suka tafi da labarinsu don babu jikan da ya rubuta?

Amfaninsa ga yaron karkara

Na farko, hannu da kai suna sabawa da juna. Yaron da ke tsara jimla tasa kullum, ko da biyu ce, karatunsa ma yakan ƙaru, don sai ya nemi harafin da zai faɗi abin da yake nufi.

Na biyu, rayuwarmu ta karkara tana bukatar mai rubutu. A yankinmu na arewacin Kano gari na jikin gari, gona na jikin gona, ba a barin ƙasa ta huta, kowace shekara sai an zuba taki an noma. Gonar da kaka ya bari ta rabu tsakanin 'ya'ya, ta sake rabuwa tsakanin jikoki. Ga aro, ga jingina, ga bashin hatsi, ga adashe. Rigima nawa ta ɓata zumunci saboda an dogara da "na tuna" kawai? Yaron da ya saba rubuta kwanan wata da adadin dami tun yana ƙarami, shi ne gobe zai riƙe wa gida lissafi, ko a rumbu ko a kasuwar Dawanau.

Na uku, yana sauke nauyin zuciya. Tarbiyyarmu ta kunya ce, kuma kunya ado ce, amma takan sa yaro ya haɗiye damuwarsa. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗaliban jami'a su yi rubutu na minti 15 a rana, kwana 4 a jere, a kan abin da ya taɓa ɓata musu rai. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibitin makaranta ya yi ƙasa da na waɗanda suka yi rubutu a kan abubuwa na sama-sama. Da manya aka yi binciken, amma darasin a fili yake: abin da aka fitar ya fi sauƙin ɗauka a kan abin da aka binne.

Yadda za ki haɗa shi

1. Ki sayi littafin rubutu mai warƙa 40 ko 60, da fensir da abin gogewa ga ƙarami, ko biro ga babba.
2. Ki yi masa bango da takarda mai kauri, ko ki ɗinka masa riga da ragowar atamfa. Yaro na girmama abin da aka ƙawata.
3. A shafin farko a rubuta sunan yaron, da sunan wadda ta ba shi, da ranar, da 'yar addu'a.
4. A saman kowane shafi a rubuta tambaya ɗaya tak, a bar wurin kwanan wata na Musulunci da na boko.
5. A bar wasu shafuka ba tambaya, don zane ko abin da ransa ya so.
6. A samo leda a riƙa sa shi, a ajiye a akwati, saboda gara da ɗigar damina da bakin akuya.

Uwargida, idan ba ki yi boko ba kada ki karaya. Ke ki faɗi tambayoyin, babbar 'yarki ko malamar Islamiyya ta rubuta. Idan yaron makarantar allo yake yi, a rubuta masa da ajami, ya amsa da ajami. Da shi kakanninmu suka yi wasiƙa da waƙa tun kafin zuwan boko.

Misalan tambayoyi

Ga 'yan shekara 6 zuwa 8, gajeru, kuma a yarda su yi zane:
- Zana akuyarku, ka rubuta launinta.
- Me kika ci yau da safe? Wa ya dafa?
- Rubuta sunan bishiyoyi 3 da ke gonarku.
- Wa ka taimaka wa yau?

Ga 'yan shekara 9 zuwa 12:
- Wace rana aka yi ruwan shuka bana? Me aka fara shukawa?
- Dami nawa na gero aka kawo gida? Ya fi na bara ko bai kai ba?
- Tambayi kakarki yadda aka yi bikinta, ki rubuta.
- Rubuta tatsuniyar da ka fi so kamar yadda aka ba ka ita.
- Wane abu 3 kike gode wa Allah a kansu yau?

Ga waɗanda suka haura 12:
- Wane abu ka yi yau da kake ganin da ka sake shi?
- Me ke ba ki tsoro a hanyar makaranta ko wurin talla?
- Da a ce kai ne mai unguwa, me za ka fara gyarawa?
- Wace sana'a kike so, kuma me za ki koya kafin ki kai gare ta?

Ki lura, babu tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce. Kuma ki bi lokaci: na damina daban, na kaka daban, na azumi da Sallah daban.

Ladubban da uwa za ta kiyaye

Nan ne fa gizo ke saƙar. Littafin nan amana ne. Tun ranar da kika ba shi, ku yi yarjejeniya: shi zai karanta miki abin da ya ga dama, misali ranar Juma'a da yamma. Kada ki ɗauka a ɓoye ki karanta wa maƙwabta ana dariya. Yaron da aka yi wa haka sau ɗaya ya rufe littafin ke nan, wataƙila har da bakinsa.

Kada ki mai da shi jarrabawa. Idan ya rubuta "k" a wurin "ƙ", ki bar shi ya gama, gyara ya zo daga baya cikin lallashi. Kada a doki yaro a kan abin da ya rubuta. Idan kika ji abin da ya tayar miki da hankali, misali wani babba yana tare yarinya a hanya, ki danne fushi, ki gode mata da ta faɗa, sannan ke da maigida ku ɗauki mataki.

Kada kuma a mai da shi makamin kishi. Haramun ne a sa yaro leƙen asirin ɗakin abokiyar zama da sunan rubutu. Hasali ma, idan za ki haɗa wa naki, ki haɗa har da na 'ya'yanta, da maraya ko ɗan riƙo da ke gidan. Mace da namiji kowa ya samu, kada a ce na maza ne kawai.

Game da lokaci, minti 10 sun isa, sau 2 ko 3 a mako, bayan la'asar kafin duhu ya yi. Ki rage wa yarinya aike na wannan ɗan lokaci. Ranar da ba ta so, a ƙyale ta. Ki kuma nuna wa maigida, domin kalmar yabo ɗaya daga bakin uba tana da nauyi wurin yaro.

Aikin gida

Kafin fitowa ta gaba, kowace 'yar uwa ta haɗa littafi guda mai tambayoyi 20, ta ba yaro ɗaya. A wurin ta'alim ko taron ƙungiya ku haɗa kai, masu rubutu su taimaki waɗanda ba su iya ba, a yi musayar tambayoyi. Wadda ke adashe ta ware kuɗin littafi daga kwasarta. Idan littafin ya cika kada a bari a yage shi a ƙunshe ƙosai. Ki adana shi a ƙasan akwati, ranar da yarinya za ta ɗakinta ki sa mata a cikin kaya.

Ita kuwa 'yar ƙanwata, na bar mata nata kafin in taho. Da na koma bayan girbi ta tare ni tun daga zaure, ta karanta mini shafi guda cur a kan yadda kakarta ta yi fama da yunwar wata shekara. Kakar na zaune a gefe tana gyara mata labarin, tana share ƙwalla.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon sauke amanarsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.