Yadda Ake Zana Taswirar Bayanan Teku Ba Tare Da Ta Karkace Ba

Manhajojin hasashen yanayin teku, irin su NEMO da ROMS, suna yanka teku gida-gida kamar dara. Kowane gida yana ɗauke da alƙaluman zafi, gishiri da gudun ruwa. Sai dai gidajen ba girmansu ɗaya ba, kuma a nan ne sababbin ɗalibai ke yin tuntuɓe.

Me ya sa girman ya bambanta?

Faɗin digiri 1 daga gabas zuwa yamma kilomita 111 ne a ikwaita, amma a latitud 60 kusan kilomita 56 ne kawai. A ƙuryar arewacin duniya kuwa layukan duka suna haɗewa cikin Tekun Arktik, sai lissafi ya rikice. Shi ya sa tsarin ORCA na NEMO ya lanƙwasa layukan, ya mayar da mahaɗarsu kan tudu a Kanada da Siberiya. A zurfi ma haka ne: a tsari mai hawa 75, na sama kaurinsa kusan mita 1 ne, na ƙasa kusan mita 200.

Ina kuskuren yake?

Umarnin imshow na Matplotlib yana ɗaukar kowane gida daidai da ɗan'uwansa. Hoto zai fito da kyau, amma gaɓar teku ta goce. Wanda ya fitar da matsakaicin zafi a haka, zai bai wa ƙananan gidajen yankunan sanyi nauyin da ba nasu ba.

Matakan gyara

1. A buɗe fayil ɗin NetCDF da xarray. Mai waya zai iya yin haka ta Google Colab a burauza.

2. A duba nav_lon da nav_lat. A NEMO, su ne ke nuna ainihin wurin da kowane gida yake.

3. A zana da pcolormesh, a haɗa masa da waɗannan biyun.

4. Wajen fitar da matsakaici, a ninka alƙalamin kowane gida da faɗin filinsa, sannan a raba jimillar da faɗin duka gidajen.

5. Idan ana son gidaje masu digiri iri ɗaya, umarnin remapbil na CDO zai sake jera bayanan, amma yana ɗan shafe ƙananan bambance-bambance.

Kafin a yaɗa taswirar, a ɗora mata layin gaɓar teku daga Cartopy. Idan ruwa ya hau kan tudu, akwai sauran aiki.