Darasin tarihi: a sa rigar mutanen da

Mutanen Damagaram sun san wasan kara. Samari na ɗaukar kamannin sarki da fadawa da manyan gwamnati, su yi tafiyarsu, su yi maganarsu, jama'a na dariya. Wannan dabara tana da amfani a ajin yaƙi da jahilci. Da ita ana iya koyon tarihi, ba haddar shekaru kawai ba.

Ga labarin da za a gwada da shi.

A shekarar 1898 wani kyaftin na Faransa, Kazamaju, ya sauka Damagaram, yana nufin zuwa wurin Rabe. Aka kashe shi a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sojan Faransa suka zo, aka gwabza a Tirmini, suka ci gari. Sarki ya fita, daga baya aka kashe shi. Nasara suka naɗa Amadu ɗan Bassa.

Shekarar 1906 ta zo da zafi. A ƙasar Zabarma mutanen Kobkitanda da na Karma sun tayar wa Faransawa. Kusa da Sakkwato, talakawan Satiru sun fito da gatari da fartanya, sun kashe Turawan Ingila 3 da sojansu. Ingilishi suka dawo suka rushe garin, mutane wajen 2000 suka mutu. A wannan shekara Faransawan Damagaram suka ce sun gano makirci, wai sarki da manyansa na shirin kashe su. Suka tuɓe Amadu ɗan Bassa, suka kai shi Kwaddibuwa. Suka ba Ballama, bawan fada, riƙon gari. Sai a 1923 aka maido da sarauta, aka naɗa Barma Mustafa.

To, yaya za a yi wasan?

Malamin aji ya karanta labarin, amma ya tsaya kafin kamun sarki. Sai ya raba matsayi. Wani ya zama sarki. Wani ya zama Malam Yaro, babban attajirin garin, wanda ya yi ciniki da Nasara, aka kuma sa sunansa cikin masu makirci. Wani tafinta, mai cin abinci a bariki, mai kwana a gari. Wani malami da ya ji labarin Satiru. Wata ta zama matar manomi da haraji ya cinye mata gero. Kada a manta da bawa.

Matsayin bawa shi ne mai wuya, shi ne kuma mai koyarwa. A ƙarshen 1905 gwamnatin Faransa ta yi dokar hana cinikin bayi a ƙasashen da ta mallaka a nan yamma. Idan aka kori Nasara, ina makomarsa? Idan suka zauna, ga aikin dole, ga bulala. Duk wanda ya riƙe wannan matsayi zai gane cewa mutanen gari ɗaya ba bakinsu ɗaya ba ne.

A zauna kamar a fada, da dare. Tambaya ɗaya ce a gabansu: a tashi, ko a yi haƙuri? Kowa ya faɗi abin da zai samu da abin da zai rasa. Malami ya hana kowa faɗin abin da ya faru daga baya, don mutanen 1906 ba su san gobe ba. Mai cewa a yi haƙuri ba lalle matsoraci ba ne, wataƙila ya ga aikin bindiga a Tirmini da idonsa. Bayan an gama gardama, sannan a karanta ƙarshen labari.

Akwai abin lura. Jikokin mutanen nan suna nan da ransu a Birni da Zango. Ba a ba mutum matsayin kakansa, ba a kuma ba shi don a yi masa gori. A jefa ƙuri'a da tsinke. In ta kama, ɗan sarauta ya zama bawa, manomi ya zama kumandan. Idan an tashi, malami ya kira kowa da sunansa na gaskiya, kada a bi wani da sunan maci amana har kasuwa.

Ɗan Damagaram, masanin tarihi Andire Salifu, ya bi wannan hanya. Ya rubuta wasa kan Sarki Tanimun, ya rubuta wani kan al'amarin 1906, wanda Mahaman Bakabe ya mai da shi silima. Amma aji ba ya bukatar doki ko alkyabba. Rawani ɗaya da tabarma sun isa.

Kafin a watse, kowa ya rubuta a allonsa: Tirmini 1899, Satiru 1906, Barma Mustafa 1923. Wanda ke da tsoho a gida ya tambaye shi abin da ya ji daga bakin iyayensa, ya kawo wa aji ranar zama na gaba.