Birki Ya Yi Laushi Bayan An Sauya Bututai: Ina Matsalar Take?

Sau da yawa akan sauya wa mota bututan man birki saboda tsatsa ko yoyo, a ɗaure komai tamau, a cika mai, amma da an taka birki sai a ji ƙafa tana nutsewa kamar an taka soso. Kayan sababbi ne, birkin kuwa ya fi na da rauni. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin tazarar 'yan taku ce ke raba tsayawa lafiya da karo. Amsar tana cikin darasin da ɗalibai kan yi a aji game da matsi.

Yadda birki ke aiki

Blaise Pascal, Bafaranshe masanin lissafi da ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ne ya bayyana cewa idan aka matsa abu mai ruwa-ruwa da ke kulle cikin mazubi, matsin yana isa kowane lungu na mazubin ba tare da ya ragu ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina birkin mota. Direba ya taka mataki, mataki ya tura fistin ɗin da ke cikin masta, fistin ya matsa mai, mai ya bi bututai ya tura fistocin tayoyi, su kuma su danna fatar birki a jikin faifai ko ganga.

Bari mu yi lissafi da alƙaluma masu sauƙi, mu ajiye na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi a gefe. A ce direba ya taka da ƙarfin niyutan 200, kwatankwacin nauyin kilo 20. Sandar matakin ta ninka shi sau 4, ya zama 800. Idan faɗin fuskar fistin ɗin masta murabba'in santimita 4 ne, kowane murabba'in santimita zai ɗauki niyutan 200, wato kusan ninki 20 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Fistin ɗin taya mai faɗin murabba'in santimita 20 zai danna da niyutan 4,000 ke nan. Sharaɗin duk wannan shi ne mai ba ya matsuwa, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Iska kuwa tana matsuwa. A 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan zafi bai sauya ba, ninka matsi sau 2 yana mayar da girman iska rabi. To, sabon bututu cike yake da iska. A ce mililita 5 kacal ta maƙale a ciki. Kafin matsi ya kai inda muka lissafa, sai ta ƙanƙance ta koma kamar rubu'in mililita, mai kuma ya cike gurbin da ta bari. Fistin ɗin masta zai yi tafiyar banza ta santimita 1.2, ƙafar direba kuwa ta kusan santimita 5. Cokalin shayi guda na iska ke nan ya cinye wannan tafiya.

Malami na iya nuna wannan a aji da sirinji marar allura. A cika shi da ruwa, a toshe bakinsa da yatsa, a danna: ba zai motsa ba. A bar 'yar iska a ciki a sake dannawa, ɗalibi zai ji a hannunsa laushin da direba ke ji a ƙafarsa.

Fitar da iska

A kowace taya akwai ɗan noti mai rami a tsakiya wanda aka yi musamman don wannan aiki. Mutum biyu ake bukata. Ɗaya ya zauna a mota ya tattaka birki sannan ya danne, ɗayan ya sassauta notin, mai da kumfa su fito ta siririn tiyo mai garau zuwa cikin kwalba, sannan ya ɗaure kafin na ciki ya ɗaga ƙafa. In aka ɗaga ƙafa noti yana buɗe, iska za ta koma. Ana maimaitawa har mai ya fito ba kumfa. Bisa al'ada akan fara da tayar da ta fi nisa da masta, sai dai wasu motoci suna da nasu tsarin, don haka littafin motar shi ne alƙali. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a shagala har tankin mai ya ƙafe. Nan take masta zai zuƙi iska, aiki ya koma farko.

In laushin bai tafi ba

A nan ne ake gane makaniken ƙwarai, domin matakin da kansa yana ba da labari. In tattakawa sau uku ko huɗu tana sa ya yi tauri, sannan bayan ɗan lokaci ya sake yin laushi, galibi akwai sauran iska, ko kuma fatar birkin baya ta yi nisa da ganga tana bukatar saiti. In kuwa an danne shi da ƙarfi ɗaya ya riƙa sulalewa ƙasa a hankali, mai ne ke tserewa. Sai a bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Bakin bututu iri biyu ne a motoci, akwai wanda ake naɗe leɓensa ciki, akwai mai kama da ɗan ƙululu, kuma in aka haɗa wani a mazaunin wani zai yi yoyo komai ƙarfin ɗauri.

Idan ba a ga digo ko ɗaya ba, zargi ya koma kan masta. Abin takaici, wani lokaci wurin fitar da iskar ne ake lalata shi. A tsohuwar mota fistin bai saba kaiwa ƙarshen raminsa ba, can kuwa tsatsa ta taru. Da an taka har ƙasa sai robar fistin ta bi ta kan tsatsar ta yage, mai ya riƙa zagaye ta daga ciki. Guntun katako a ƙarƙashin mataki yana hana wannan.

A duba kuma ko notin fitar da iskar yana sama. Iska sama take yi, saboda haka in an musanya maƙalar birkin dama da ta hagu notin ya koma ƙasa, ko kwana aka yi ana aiki ba za ta fita ba. Tsofaffin tiyon roba da ke kusa da tayoyi su ma sukan kumbura idan matsi ya hau. Motoci masu na'urar ABS kuwa, iska na iya ɓuya a cikin bawul-bawul ɗinta, kuma wasunsu sai an haɗa su da kwamfutar gareji ta buɗe hanyoyin.

Saura man kansa. Nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan laima daga iska. Ƙa'idar DOT 3 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyas, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 140. A doguwar gangara birki kan yi zafi ƙwarai, mai ya tafasa, tururi kuma yana matsuwa kamar iska. Don haka ba a cika sababbin bututai da man da ya daɗe a buɗaɗɗen gwangwani, ba a mayar da wanda aka tara a kwalba, ba a kuma gauraya su da DOT 5, wanda aka yi da silikon.