Shingen da ya tare rana

A ƙasarmu inuwa abin so ce. Wanda ya shuka dogon yaro a ƙofar gidansa, maƙwabta gode masa suke yi, har su kawo tabarma su zauna. A Faransa ba haka ba ne. Can rana ake nema, don sanyi ya yi yawa. Saboda haka inuwar itacen wani tana iya kai mutane gaban alƙali.

Ga misali. Wata tsohuwa tana zaune a bayan birnin Liyon. Tana da ɗan gida da ƴar garka, inda take shuka salati da tumatir. Kudu da garkar akwai wani babban bene. Benen ba na mutum ɗaya ba ne: iyalai da yawa ke cikinsa, kowa da ɗakunan da ya saya. Tsakar gida da matakala da shinge kuwa na kowa ne. A Faransa, dokar 10 ga Yuli 1965 ta ce irin wannan gida sai ya sami mai kula da shi. Sau da yawa kamfani ake ɗauka, a biya shi. Da Faransanci ana kiransa «syndic». Shi ke tara kuɗin gyara, shi ke kiran ma'aikata, shi ke magana da yawun masu gida.

Tsakanin benen da garkar an shuka shinge na wani itace mai suna Lelandi. Asalinsa daga ƙasar Wales ne, inda aka fara ganinsa a 1888. Ba ya zubar da ganye, rani da damina. Ga shi da saurin girma: yana iya ƙara kusan metir 1 a shekara. Da aka shuka shi bai wuce ƙugu ba. Aka bar shi babu aski, har ya kai metir 5.

To, me metir 5 zai yi wa mutum? A nan sai a dubi sama. A watan Disamba, da tsakar rana, a Maraɗi rana tana can bisa. Itace mai metir 5, inuwarsa ba ta cika metir 4 ba. A Liyon kuwa, a wannan wata, rana ba ta hawa sosai. Tana bin gefen sama ta wajen kudu, kamar hantsi. Inuwa takan ninka tsawon abu sau biyu da rabi, har da ɗoriya. Shinge mai metir 5 sai ya shimfiɗa inuwa ta metir 13. Garkar tsohuwa duka ba ta fi metir 10 ba. Ƙasa ta yi sanyi, gansakuka ta kama bango, ɗakin girki ya yi duhu tun da safe. Saiwoyin shingen kuma suna shanye ruwan shuka.

Da maƙwabcin mutum ɗaya ne, da ta ƙwanƙwasa ƙofa sun yi magana. Amma wa za ta gaya wa? Wanda ta tare a bakin bene sai ya ce: «Ba ni ba ne, Madam, ki ga kamfani.» Ta buga waya. Aka ce mata: «Mun ji, Madam, za mu duba.» Wata uku babu labari. Ta sake bugawa, aka ce sai masu gida sun yi taronsu, su yarda da kuɗin aikin. Taron nan kuwa yawanci sau ɗaya ake yinsa a shekara.

Mutanen bene ma suna da tasu hujja. Na ƙasa sun ce shingen yana rufa musu asiri, yana tare iska da ƙarar motoci. Wasu kuma ba su son a ƙara musu kuɗi.

Ran nan jikanta ya zo hutu. Ya ga abin, ya ɗauko almakashin itace da tsani.

Ta ce: «Ajiye, ɗan nan! Ba namu ba ne.»

Ya ce: «Kaka, ai rassan sun shigo gidanki.»

Ta ce: «Ko da sun shigo. Ɗauko mini metir.»

Tsohuwa ta yi gaskiya. Babban littafin dokokin zaman jama'a na Faransa, wanda aka fara aiki da shi a 1804, ya yi magana a kan wannan. Aya ta 673 ta ce maƙwabci ba shi da ikon sare rassan da suka ƙetaro masa. Sai dai ya tilasta mai itacen ya sare. Saiwoyi kuwa zai iya yanke su da kansa, daidai kan iyaka. Idan itacen mai ƴaƴa ne, waɗanda suka faɗo da kansu cikin gidansa nasa ne, amma ba zai miƙa hannu ya tsinka ba.

Aya ta 671 ita ce ta awo. In babu wata ƙa'ida ta gari ko al'adar wuri da ta ce daban, ga yadda take: itacen da ya wuce metir 2 a tsawo, sai a shuka shi metir 2 daga iyaka. Wanda bai wuce ba, santimetir 50 ya isa. Ana aunawa daga tsakiyar gindin itace. Aya ta 672 kuma ta ba maƙwabci ikon neman a tuge itacen ko a rage masa tsawo. Amma in ya yi shiru shekara 30, ikon ya kuɓuce masa.

Jika ya riƙe bakin metir, kaka ta karanta. Daga gindin shinge zuwa iyaka metir 1 ne kacal. Ke nan bai kamata shingen ya wuce metir 2 ba.

Suka rubuta wasiƙa, suka sa awon da lambar aya, suka aika ta gidan waya, irin wadda mai karɓa yake sa hannu. Da amsa ba ta zo ba, tsohuwa ta tafi wurin mai sulhu. Wannan mutum ne da shari'a ta naɗa, ba a biyansa ko dala, kuma sau da yawa a ofishin magajin gari yake zama. Aikinsa ya yi kama da na mai gari ko mai unguwa a nan, in an yi gardamar iyakar gona. Ya kira wakilin kamfani. Wakili ya dubi awon, ya ga ko an je gaban alƙali ba su da mafita. Suka sa hannu a takarda: za a rage shingen zuwa metir 2, a riƙa yi masa aski kowace shekara.

Ba a yi aikin nan da nan ba. A Faransa ana ba da shawara kada a taɓa shinge daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Yuli, don lokacin ne tsuntsaye ke sheƙa a ciki. Sai a watan Satumba ma'aikata suka zo. Bayan aski shingen ya yi muni, don Lelandi ba ya tohuwa daga tsohon reshe. Samansa ya tsaya ja, busasshe. Mutanen bene suka daina gaida tsohuwa. Ita kuwa ta shuka salati daf da katanga.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsohuwa ta hana jikanta sare rassan?
2. An shuka itace santimetir 80 daga iyaka. Wane tsawo ne bai kamata ya wuce ba?
3. Bayan an rage shingen zuwa metir 2, inuwarsa za ta kai metir nawa a Liyon a watan Disamba? Nawa ne na garkar zai sami rana?
4. A garinku, wa ke raba gardama idan aguwar wani ta shiga gonar wani?

Aiki: ku kafa sanda mai metir 1 a filin makaranta. Ku auna inuwarta da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, ku rubuta a littafinku.