Filin Shawara: Ɗana da Mahaifinsa Sun Daina Cin Tuwo Tare

 Ɗana na fari yana aji uku a jami'a, kimiyyar siyasa yake karantawa. Tun da sojoji suka hamɓarar da Bazoum a Nijar a 2023, maigida yake cewa mu ma abin da ya dace da mu ke nan, wai farar hula sun gama da talaka. Yaron kuma ya dawo hutu da jaka cike da littattafai kan dimokuraɗiyya da mulkin kama-karya, kullum bayan isha'i sai gardama. Makon jiya ya ce wa mahaifinsa, "Baba, ai don ba ka karanta ba ne." Malam ya tsame hannu daga kwano ya tashi. Yau kwana shida ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. In hana shi karatun nan ne?
Wata uwa, Zariya

'Yar'uwa, Allah Ya sanyaya miki. Kada ki hana shi karatu. Harshensa ne ya yi ɓarna, kuma nan za a fara gyara. Tun kafin a sake ɗaga zancen siyasa a gidan, ya je ya durƙusa ya ba mahaifinsa haƙuri, ba tare da "amma" ba. Na san ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ki ki zaunar da shi doguwar magana ba, to ki tura shi wurin kawunsa ko goggonsa su ja masa kunne.

Abin da ya ɓace wa yaron shi ne, yawancin abin da yake gani a takarda, mahaifinsa da idonsa ya gan shi. Idan malam ya haura hamsin, yana tune da 1984, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a, da dogon layin sayen madara da sabulu, soja na tsaye da bulala. A shekarar aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian ƙarƙashin dokar soja ta 4. Yana tune da soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamba 1995, zamanin Abacha. Sannan ya ga mulkin farar hula tun 1999, ya ga yadda kuɗin mudun masara ya tashi bayan cire tallafin mai, ya ji labarin waɗanda aka sace a hanya aka sayar da gona don fansarsu. Mutumin da ya ce gara soja bayan duk wannan, zafi ne ya ishe shi, kuma zafin na gaskiya ne. Ni ban yarda da maganinsa ba, amma ba zan ce bai san ciwon ba.

Ina kyautata zaton cikin jakar yaron akwai littafin da malamai biyu na jami'ar Harvard, Steven Levitsky da Daniel Ziblatt, suka fitar a 2018 kan yadda dimokuraɗiyya take mutuwa. Da ya karanta shi a tsanake, da ya ga rabin hujjar mahaifinsa a ciki. Sun nuna cewa a wannan zamani sau da yawa zaɓaɓɓen shugaba ne yake kashe ta, a hankali, ya danne kotu, ya rufe bakin 'yan jarida, ya sauya doka don kansa. Fujimori na ƙasar Peru ya ci zaɓe a 1990, bayan shekara biyu ya rufe majalisa. Mu ma ba sai mun je nesa ba. A 2009 Tandja Mamadou ya nemi tazarce a Nijar, ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki da suka ƙi ba shi hanya, har sojoji suka kifar da shi a Fabrairu 2010. Ke nan farar hula ma yana iya zama azzalumi. Inda malam ya kauce shi ne, farar hula yana da ranar da za a iya kayar da shi da ƙuri'a, kamar yadda aka yi wa Jonathan a 2015. Soja kuwa shi yake yanka wa kansa ranar tafiya.

Tunda a Zariya kuke, ki ce ya nemi rubuce-rubucen marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, musamman wanda ya fito a 1987 kan yadda masu neman mulki suke juya addini don raba kan talakawa. Wannan a kan ƙasarmu aka rubuta shi, kuma zai yi wuya a ce mahaifinsa bai san sunan ba. Ya ɗauka ya kai masa, ya ce, "Baba, me kuka sani game da mutumin nan?"

Ya kuma koma tarihin Nelson Mandela, wanda na fi so a ba kowane matashi mai zafin kai. Shekara 27 ya yi a kurkuku saboda yaƙi da wariyar launin fata, aka sake shi a 1990. Cikin waɗannan shekaru ya zauna ya koyi Afirkans, harshen masu tsaronsa, ya karanta tarihinsu, don ya san abin da yake ba su tsoro, ya iya yi musu magana ta shiga. Wannan fa da waɗanda suka kulle shi ne. Ɗanki kuwa da mahaifin da ya biya masa kuɗin makaranta yake jayayya.

Ke kuma naki aikin yana madafi. Ranar da ya ba da haƙuri, ki tuƙa tuwon da malam ya fi so, ki zuba musu a kwano ɗaya kamar da. Ki gaya wa yaron a daren nan tambaya kawai zai yi: ina Baba yake ranar da aka yi juyin mulkin 1983, me ya gani, me ya ji. Ya kame bakinsa har labarin ya ƙare, ko da ya ji abin da ya saɓa wa littafinsa. Ki rubuto mini bayan sati biyu in ji yadda aka kwana.