Darasin Mako: Duba Launi Kafin A Kai Aiki Maɗaba'a

Lokacin buga mujallar yaye ɗalibai da kalanda da katin gayyata ya ƙarato. Kuɗin bugun nan daga aljihun iyayenmu yake fitowa, shi ya sa muka ɗauko batun da ya fi ɓata irin wannan aiki, wato launi.

Mu ƙaddara bangon mujallarmu hoton fadamar Haɗejiya ne: shinkafa kore shar, ga ruwa, ga masunci a kwalekwale. A kwamfuta abin gwanin sha'awa. To amma fuskar kwamfuta da ta waya da haske suke haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, sai abin da tawada ta ba ta. Injin maɗaba'a tawada huɗu yake sha: shuɗi irin na sararin sama, ja mai kama da tsinkakken zoɓo, rawaya, da baƙi. Wannan shi ne CMYK.

Kun lura babu kore a ciki? Koren shinkafar nan ƙananan ɗigo-ɗigo ne na shuɗi da rawaya, ido ne ke haɗa su. Wanda ke tantama ya ɗora kyamarar waya a kan tsohuwar kalanda ya zuƙo hoton, zai ga ɗigon da idonsa. Akwai launukan da haske ke iya bayarwa amma tawada ba za ta kai ba. Kore mai walƙiya yakan fito a dushe, shuɗi mai ƙarfi kuma yakan karkata zuwa shunayya.

Kafin bugu mai yawa, ana raba kowane shafi gida huɗu, kowace tawada da nata farantin alminiyam. Shi ake nufi da rarraba launi. Da zarar an fitar da faranti, gyara ya ƙare, sai dai a biya kuɗin sabo. Idan kuma a Kano aka kai aikin, ga kuɗin mota na biyu.

Ga abin da muke yi tun a ɗakin kwamfuta. Da farko mu tsara aikin a CMYK tun daga tushe, kada a bari sai ranar ƙarshe. Sannan mu duba farantan huɗu ɗaya bayan ɗaya. CorelDRAW, wanda masu tsara zane da yawa ke amfani da shi a ƙasar nan, yana nuna su a wajen duba bugu idan aka zaɓi rarraba launi. InDesign da Acrobat Pro ma suna da irin wannan.

Abin da ya fi muhimmanci a duba shi ne rubutu. Sunayen ɗalibai da aka rubuta da baƙi su bayyana a farantin baƙi kaɗai. Idan kuka kashe baƙi amma har yanzu sunayen na nan a sauran ukun, akwai matsala: injin zai buga kowane harafi sau huɗu, kuma in takarda ta goce ko da kaurin gashi ne, harafin zai fito da inuwar ja ko shuɗi a gefe. Ku tuna ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ 'yar mitsitsiya ce. In ta dagule, ƙafa ta koma kafa.

Hotuna kuma a karɓo na asali daga wayar da ta ɗauka. WhatsApp yana matse hoto idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba, alhali bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci.

Duk da haka, fuskar kwamfuta kintace kawai take yi. A nemi mai maɗaba'a ya fitar da gwaji guda kafin a kunna inji, in da hali a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, don takarda mai sheƙi da marar sheƙi ba sa shan tawada iri ɗaya. A fito da gwajin waje a duba shi a inuwa da rana, kada a duba a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Idan ya yi, malamin da ke kula da ƙungiya ya sa hannu, mu riƙe kwafi guda. Ranar karɓar kaya, da shi za mu gwada abin da aka ba mu.